Ina ganuwowin Zamfara suka tafi? Zare daga ɗan Gwashi

1/
A hutun da ya wuce na je gida Gwashi, ƙaramar hukumar Bukkuyum. Ina tare da kakana a gona, sai na hau wani dogon tudu a gefen gonar ina neman sabis. Ya kalle ni ya ce, "Sauka yaro, bisa ganuwa kake." Wallahi shekara ashirin da biyu ina ganin tudun nan, ban taɓa tambaya ba.

2/
Abin ya ba ni kunya, don tarihi nake karanta a jami'a, ina aji uku. Na iya ba ka labarin ganuwar Kano da ta Zariya, amma ta ƙofar gidanmu na ɗauke ta jujin ƙasa. Tun daga ranar nake bin zancen ganuwowi da fadojin yankinmu na Anka, Gummi da Bukkuyum. Ga abin da na tattara. Zaren na da tsawo, a yi haƙuri.

3/
Mu fara da kalmomi. A da, ba kowane gari ake kira birni ba. Birni shi ne garin da aka kewaye da ganuwa, yana da ƙofofi da sarki da kasuwa. Ƙaramin gari kuma yakan yi kafi, wato shingen itace da ƙaya. Tunga ko unguwa ba ta da ko ɗaya, in an ji kuwwa sai mutanenta su ruga birni mafi kusa.

4/
To ku duba sunayen garuruwanmu. A ƙasar Gummi akwai Birnin Tudu da Birnin Magaji. A ƙasar Anka akwai Sabon Birni. Ko da ka je wuri ba ka ga tubali ɗaya a tsaye ba, sunan kawai ya isa ya sa ka tsaya ka tambayi tsofaffi. Sau da yawa suna ya fi gini daɗewa.

5/
Yadda ake gina ganuwa: ana haƙa ƙasa daga waje, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a dunƙula tubali da hannu, a shanya a rana. Ba irin bulo mai kusurwa huɗu ba, tubalin Hausa mai faɗin gindi da tsinin kai. Ana jera shi, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin ganuwa kauri, tana hawa tana sirancewa.

6/
Ramin da aka ɗebi ƙasar ba a cike shi. Shi ke zama gwalalo a bayan ganuwa, a bar sarƙaƙiya da sauran ƙaya su cika shi. Wato aiki ɗaya, kariya biyu. Daga ciki kuma akwai badala, inda maharba ke tsayawa. Ka tuna abin tsoro a wancan zamani shi ne doki. Doki ba ya tsallake gwalalo mai ƙaya, balle ya hau katanga.

7/
Ƙofa kuwa ana yin ta ƙunci da gangan, kamar dogon zaure, a rufe samanta da azara ta giginya, a sa ƙyaure mai kauri. Akwai mai tsaronta. In rana ta faɗi a rufe, sai asuba. Manyan birane har gonaki da rijiyoyi da kududdufai suke kewayewa a ciki, don in an yi masu zobe kada yunwa da ƙishirwa su ci su.

8/
Yanzu tarihin. Labaran gargajiya na cewa sarautar Zamfara ta faro ne daga Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau. Daga baya aka kafa Birnin Zamfara, kusa da Isa, wadda yanzu take cikin jihar Sakkwato. Eh, tsohon babban birnin Zamfara ba ya cikin jihar Zamfara ta yau. Iyakar da aka shata a 1996 ba ta bi tsohuwar taswira ba.

9/
A farkon ƙarni na 18 Zamfara na cikin masu ƙarfi a ƙasar Hausa. Tare da Gobir da Azbin ta matsa wa Kabi, har Kabawa suka bar Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, suka koma Birnin Kebbi. Ku riƙe sunan Surame, za mu dawo kansa.

10/
Sai Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa suna zama a ƙasar Zamfara da izinin sarakunanta. Labari ya ce wurin da aka ba su gonar alƙalin Zamfara ce, shi ya sa ake kiransa Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir.

11/
Wannan ita ce hanya ta farko da birni ke mutuwa: a ci shi da yaƙi, mutane su watse. Da zarar babu mai yaɓe, damina ta gama sauran aikin. Ita kanta Alƙalawa ba ta yi nisan kwana ba. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Yau dukansu biyun kufai ne.

12/
Bayan faɗuwar Birnin Zamfara, gidan sarautar ya yi ta ƙaura. An zauna Kiyawa, an zauna Sabon Gari, daga ƙarshe a ƙarni na 19 aka tabbata a Anka. Shi ya sa har gobe sarkin Anka ake kira Sarkin Zamfara. Ganuwa ta tsaya inda aka gina ta ta narke, amma tambari da sarauta da jerin sunayen sarakuna sun bi mutane.

13/
Wannan ya sa na gane wani abu. A wurin Bahaushe fada ba ginin ba ne kaɗai. In sarki da fadawa da makaɗa da tambura sun isa wuri, an yi zaure an yi soro, fada ta tsaya. Shi ya sa sarauta ɗaya za ta iya barin kufai uku ko huɗu a bayanta, ita kuma tana nan da ranta.

14/
Mu nan yamma ba Anka kaɗai ba ce. Gummi na da Sarkin Mafara, Bukkuyum na da Sarkin Danko, ga tsofaffin garuruwa irin su Zugu da Zauma. Littattafan tarihin jihadi sun ambaci cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shekara kusan biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma yawon wa'azinsa ya kai har ƙasar Zauma, tun kafin hijirar 1804.

15/
Kuma a 1805, bayan wahalar da jama'ar Shehu ta sha a ƙasar Gobir, a Sabon Gari na Zamfara ta yada zango kafin ta wuce Gwandu. Dangantakar Zamfarawa da masu jihadi ta yi daɗi, ta kuma yi tsami. Ƙarni na 19 a yankin nan cike yake da hare-hare da tawaye da sulhu. Zamani ne da garin da ba shi da ganuwa ba ya barci.

16/
Sarkin Musulmi Bello ma da kansa ya ɗauki gina garuruwa masu ganuwa a matsayin siyasar mulki. Su ake kira ribaɗi, garuruwan tsaron iyaka, kuma a ɗaya daga cikinsu, Wurno, ya zauna har ya rasu a 1837. Don haka ganuwowi da yawa na yankin Sakkwato da Zamfara ba su kai tsufan da muke zato ba. Wasu na ƙarni na 19 ne.

17/
Ga abin da ya fi muhimmanci a zaren nan. Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an mayar. In an gama girbi sarki ya sa a yi shela, kowace unguwa da ƙauyukan kewaye a ba su yankinsu na ganuwa su gyara. Da kiɗa, da abinci, da sarkin magina yana duba aiki.

18/
Na tambayi kakana ko ya ga ana wannan aikin. Ya ce a'a, shi ma ji ya yi daga nasa kakan. Ga yadda ya faɗa mini: "Da munka tashi ta riga ta zube, sai guntaye. Amma an ce wanda duk bai fito aikin ganuwa ba, sai ya gamu da dogarai. Ba roƙo a kai ba, yaro, dole ce."

19/
Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Aikin ganuwa akwai gayya a ciki, akwai kuma tilas, kuma bayi sun ɗauki kaso mai yawa na wahalar. Birnin da ke kare mutanensa shi ne kuma wani lokaci ke fita ya kai wa maƙwabta hari ya kamo mutane. Wanda ke cikin ganuwa da wanda ke wajenta ba labari ɗaya za su ba ka ba.

20/
Sai 1903. A watan Fabrairu sojojin Ingila suka ci Kano, duk da ganuwarta da ake ji da ita, a watan Maris suka ci Sakkwato. Igwa da bindiga mai ruwa sun nuna cewa zamanin katangar ƙasa ya wuce. Amma a gaskiya yawancin ganuwowinmu ba igwa ce ta rushe su ba. Ba a ma harba masu ko ɗaya ba.

21/
Abin da ya kashe su shi ne daina bukatarsu. Yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwa sun tsaya. Mutane suka fita suka kafa tungaye kusa da gonakinsu. Ƙarfin da ake kai wa aikin ganuwa ya koma neman kuɗin haraji da jangali, da aikin hanya, da noman gyaɗa da auduga. Shekara ɗaya ba yaɓe, biyu, goma. Shi ke nan.

22/
Sannan mu da kanmu muka ƙarasa ta. Ƙasar ganuwa an riga an tace ta, an kwaɓa, ta fi kowace ƙasa daɗin gini. Mai son yin ɗaki sai ya kai jaki ya ɗebo. Mota ta zo, ƙofa ta yi mata ƙunci, aka fasa. Gari ya faɗaɗa, aka yanka filaye a kan gwalalo. In ka duba da kyau, ganuwar ba ɓacewa ta yi ba, ta shiga cikin katangun gidajenmu.

23/
Fada kuwa labarinta daban ne, don ba a taɓa daina amfani da ita ba. Kullum ana zaman fada, ana shari'a, ana hawan salla. Abin da ake amfani da shi ana gyara shi. Sai dai gyaran ne ya canza kama: azara ta ba kwano wuri, makuba da laso suka ba siminti wuri, daɓe ya koma tayil, aka sa fanka da lantarki.

24/
Ga wanda bai sani ba: makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, ana shafe bango da ita don ruwa ya zame. Laso kuma ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan karofin rini. Kun ga sarƙar? Da marina suka mutu, katsi ya yi wuya. Da aka sare giginya, azara ta yi tsada. Sana'a ɗaya ta faɗi ta ja 'yar'uwarta.

25/
Wani kuskure da ake yawan yi: a shafe tsohon bangon ƙasa da siminti a ce an gyara. Siminti ba ya barin danshi ya fita. Ruwa ya samu tsaga ya shiga, ƙasar ciki ta jiƙe ba a gani, wata rana sai bango ya zubo gaba ɗaya. Tsofaffin magina sun san wannan. Mu ne muka ɗauka duk abin da ba siminti ba talauci ne.

26/
A yau in ka tsaya ƙofar fada a yankinmu, galibi ginin zamani za ka gani da fenti. Amma tsarin na nan: fili a gaba, masallacin Juma'a a kusa, zaure bayan zaure kafin a kai ga sarki, cikin gida a can ƙurya. Kayan gini sun canza, taswirar ba ta canza ba. Ni a wurina wannan ma tsira ce, ko da ba cikakkiya ba.

27/
Mu leƙa maƙwabta. Surame da na ce ku riƙe, an yi amfani da dutse a ganuwarta, shi ya sa bayan shekara kusan 300 da barinta har yanzu ana ganin layin katangunta a daji. Tana cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma a 2007 Najeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, tare da ganuwar Kano.

28/
Kano kuwa, an fara ganuwarta zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Gidan Rumfa har yau sarki ke ciki, Gidan Makama ya zama gidan tarihi. Amma duk da suna da hukuma da doka, ku je ku ga yadda gine-gine suka cinye badala. In Kano ta sha haka, ina ga Gwashi?

29/
Argungu ta yi dabara. Da sarki ya koma sabuwar fada a 1942, ba a rushe tsohuwar ba, aka mayar da ita gidan tarihi na Kanta a 1958. A Mali kuma, babban masallacin Jenne na ƙasa ne, ginin yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi kamar biki. Abin da muka daina yi ke nan, su ba su daina ba.

30/
Ko a Ingila da ake ganin hotunan manyan gidajen sarauta na dutse, da yawansu bayan 1066 da tudun ƙasa da katako aka fara su. Waɗanda aka sake ginawa da dutse, aka ci gaba da zama a ciki, su suka kai yau. Sauran tudu ne kawai a gona, kamar na kakana. Bambancin, su sun auna nasu, sun rubuta, sun kafa allo.

31/
Yanzu ɓangaren da ya fi yi mini nauyi. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki na 'yan bindiga fiye da shekara goma. Tungayen da kakanninmu suka fita suka kafa da zaman lafiya ya samu, yau su ake bari ana komawa manyan garuruwa. Tafiyar da aka yi daga birni zuwa daji bayan 1903, yanzu ana yin ta a juye.

32/
A Anka, mutanen da suka gudo daga ƙauyuka sun samu mafaka a cikin ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa kula da su a wurin. Ku yi tunani: fadar da sarki bai shiga ba tukuna, ta fara da aikin da aka san birni da shi tun asali, wato karɓar wanda ya gudo.

33/
Na faɗa wa kakana haka, na ce ko da an bar ganuwa da yanzu ta yi amfani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ganuwa ta tsare gari, ba ta tsare gona ba. Ko da can, wanda anka kama, bakin gona a ka kama shi." Ban da amsa. Kuma katangar da aka yi don doki da kibiya ba ita za ta tare bindigar yau ba.

34/
Don haka ba ina cewa mu koma gina ganuwa ba ne. Tsaro haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ba wanda ya isa ya ce wa talaka ya kare kansa da tubali. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan tudun shaida ne cewa yankin nan ya taɓa shiga irin wannan hali, mutane suka tsara kansu, kuma ya wuce. Sanin haka na rage mini fargaba, ko yaya.

35/
Kuma shaidar na ƙarewa da sauri. Garin da aka watse ba mai nuna maka inda ƙofa take. Masu haƙar zinariya na juya ƙasa ko'ina, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Ga ambaliya irin wadda ta afka wa Gummi a 2024. Ga tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

36/
An yi rubutu a kan Zamfara. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara tarihinta a Anka ya buga a 1959, da Jamusanci. Dakta Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara ya yi digirinsa na uku a ABU Zariya a 1977. Amma mu nawa ne 'yan yankin muka taɓa riƙe ɗaya daga ciki?

37/
Kuma irin waɗannan ayyuka sun fi bin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ƙofofi nawa garinku ke da su, me sunan kowace, wace unguwa ke gyara wane yanki, ina aka ɗebi ƙasa, wane gida ne na magina: wannan yana bakin kakanninmu ne kawai. In sun tafi da shi, ba laburaren da zai dawo mana da shi.

38/
Abin da nake roƙo ƙarami ne. In ka je gida, zauna da tsoho ko tsohuwa, nemi izini ka kunna rikoda a waya. Kada ka manta da mata, kakata ce ta tuna mini sunan wata rijiya da kakana ya manta. Tambayi sunayen ƙofofi. Ɗauki hoton abin da ya rage, ka rubuta rana da wuri. Ajiye kwafi a wuri biyu.

39/
Gargaɗi don Allah: kada kowa ya shiga daji neman kufai a wannan yanayi, tarihi bai kai rai ba. Kuma kada a ɗora hoto ko bayanin duk wani shiri na tsaro da gari ya yi a yanzu. Tsohon abu muke nema, a cikin gari, da rana, da sanin masu gari.

40/
Ni dai na fara da tudun gonarmu. Na taka shi daga farko har inda ya nutse cikin gonar maƙwabcinmu, kakana na biye yana nuna mini inda aka ce ƙofa take, ina rubutawa. Da za mu koma gida na roƙe shi kada a ƙara ɗibar ƙasar wurin. Ya yi dariya ya ce sai in na yarda in riƙa zuwa noma. Na ce na yarda.

41/
'Yan Anka, Gummi, Bukkuyum, Zugu, Adabka, Nasarawa, Bagega da sauran garuruwa: me ya rage a naku? Ganuwa, gwalalo, tsohon zaure, ko suna kawai? Ku rubuto a ƙasa. Inda na yi kuskure kuma a gyara mini, ɗalibi ne ni. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.